Zubairu Mai Lambu da Kifayen Hamisu

Duk wanda ya san Nassarawa GRA kafin a cika ta da dogayen katangu zai tuna cewa a da shingen fure ne ke raba gida da gida. Mutum na tafe a gefen titi yana hangen baranda, yana jin ƙamshin ciyawar da aka yanka, inuwar darbejiya da mangwaro ta lulluɓe kwalta. A ɗaya daga cikin waɗannan gidaje Malam Zubairu ya yi kusan dukan rayuwarsa yana aikin lambu.

Mutumin ƙasar Haɗejia ne, ɗan masunta. Tun bai iya ɗaura wando ba ya san tarwada da karfasa da gargaza, ya san wadda ke son taɓo da wadda ke son ruwa mai gudu. Ya zo Kano cin rani yana saurayi, a zamanin Turawa, da niyyar komawa gida da faɗuwar ruwa, bai koma ba. Wani Bature ne ya ɗauke shi ban ruwan furanni, kuma a lokacin ne ya haƙa rijiyar da ke bayan gidan da hannunsa. Rijiya ce marar zurfi, ruwanta garau, mai sanyi ko da bazara. Da Baturen ya tafi bayan samun mulkin kai, gidan ya koma hannun Alhaji Lawan, babban ma'aikacin gwamnati, aka gaji Zubairu tare da rijiyar da itatuwan. Matarsa Dije tana zaune a Giginyu. Can yake kwana, kullum da safe ya taho a kan kekensa, ya jingine shi a jikin bishiyar lemo.

Hajiya Maimuna, matar Alhaji, 'ya'yanta mata ne duka sai guda ɗaya, Hamisu. A lambun nan ya tashi, yana bin Zubairu daga kunya zuwa kunya, yana tumɓuke tumatir a zaton ciyawa ce. Ya girma, ya tafi Jamus karatun injiniya, ya dawo a shekarar 1974, lokacin da kuɗin mai suka fara malala a ƙasa. Alhaji ya ajiye aikin gwamnati ya shiga kwangila. A unguwar kowa na shigo da abin da idonsa ya gani a Turai. Wani ya kawo fitila mai lu'ulu'u wadda ta fi ƙarfin rufin ɗakinsa, wani ya kawo dawisu suna hana maƙwabta barci. Shi kuwa Hamisu teku ya kawo.

Akwatin gilashi ne mai tsawon gado, aka girke shi a babban falo. Aka dama gishirin teku na musamman da ruwa aka cika shi, aka sa masa fitila a sama da ɗan inji mai hura iska yana ta gunji a hankali. Bayan wasu makonni jirgin sama ya kawo mazauna cikinsa a jakunkuna. Akwai kifaye masu launin lemo da farar ɗamara, akwai shuɗɗa kamar an tsoma su a marinar Ƙofar Mata, akwai wani rawaya mai dogon baki. Sai kuma murjani mai rai, halittar teku mai kama da tsiro, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar yatsu yana ta lilo a cikin ruwa.

Falalu direba ne ya fara kiran Zubairu daga lambu.

"Baba, zo ka gaida danginka, sun iso daga Turai. Sai dai fa waɗannan ba a miya da su."

"Kai dai cikinka ka sani," in ji Zubairu. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya shiga, ya tsuguna a gaban gilashin. Ya ƙura wa kifayen ido. Can ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah. Ashe ban san kifi ba."

Hamisu ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa. Daga ranar ya zama shi ne mataimakinsa a kan akwatin. Ya koya masa goge gilashi ba tare da ya firgita kifayen ba. Ya nuna masa cewa zafin Kano yana shanye ruwan amma gishirin yana nan, don haka in ruwa ya ja baya sai a cike shi da na famfo wanda ya kwana a buɗaɗɗen duro, warin magani ya fita. Sannan ya nuna masa abinci.

"Abin da yatsa biyu suka ɗauka, Baba. Shi ke nan."

"Duk waɗannan bayin Allah? Wannan ai rowa ce, ɗan nan."

"Ba tarwada ba ne, Baba. Tarwada ko a kwata ka jefa ta za ta yi ƙiba. Waɗannan 'yan gata ne, rowar ita ce lafiyarsu."

Bai faɗa masa dalili ba. Matashi ne, yana ganin akwai lokacin bayani a gaba.

A ƙarshen shekara ta gaba Hamisu ya rasu a hanyar Zariya, a cikin sabuwar motarsa. Zubairu na cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Gidan ya cika ya batse da masu ta'aziyya, sannan ya watse. Alhaji ya nutse cikin tafiye-tafiyen kwangila, yau Kaduna gobe Ikko, kamar mai gudun gidan. Hajiya kuwa ta shige ɗaki. Ba ta kuka a gaban mutane, ba ta magana, abinci yadda aka kai haka ake fitowa da shi. 'Ya'yanta suka yi lallashi har suka gaji. Bayan sadakar arba'in, wata rana da la'asar Zubairu na goge gilashi sai ya ji motsi a bayansa. Hajiya ce tsaye, ta rame har zanen jikinta ya yi mata yawa.

"Zubairu, suna nan da rai?"

"Suna nan, ranki ya daɗe. Ko ɗaya bai mutu ba."

"Jawo mini kujera."

Daga ranar wannan ya zama wurinta. Kullum bayan la'asar sai ta fito da carbinta ta zauna a gaban akwatin har magariba. A nan kaɗai take shan fura, a nan kaɗai take buɗe baki. Tana tambayar Zubairu wanne ne Hamisu ya fi so, me yake cewa a kan wancan rawayan, shi kuma yana ba ta labari, wanda ya tuna da wanda ya ƙara. Babbar 'yarta ta tare shi a bakin lambu ta ce, "Baba Zubairu, don Allah ka riƙe kifayen nan da kyau. In babu su ban san inda Hajiya za ta zauna ba." Ya ce in Allah ya yarda.

Kowace Juma'a Hajiya na sa a toya waina a raba sadaka saboda mamacin. Wata Juma'a ta fito falo da ɗan faranti a hannu, an daddatsa ɗanyar hanta ƙanana an haɗa da gwaiduwar ƙwai.

"An ba mutane nasu," in ji ta. "Su ma ai bayin Allah ne, kuma nasa ne. Allah ya kai ladan kabarinsa."

Ta buɗe murfin ta zuba. Kifayen suka yi ca a kai, ruwa ya kaɗa, launuka suka cakuɗe. Hajiya ta yi murmushi, na farko tun ranar rasuwar. Zubairu ya tuna yatsa biyu. Ya dubi fuskarta, ya haɗiye maganar. Gaskiya ma dai, a can cikin ransa bai taɓa yarda da wannan awon ba. A gidan da ya tashi, abin da ke hannunka ba ka barinsa da yunwa. Sadakar Juma'a ta koma Litinin da Alhamis, daga nan ta koma kullum.

Da bazara ta kama, ruwan famfo ya yi wuya, in ya zo ma ja yake zuwa. Zubairu ya dubi duron ya ce ba zai ba kifayen Hamisu wannan ba alhali yana da rijiya. Da ruwanta yake alwala, shi yake sha, shi yake kai wa Dije a jarka. Sai ya riƙa jan guga da sanyin safiya, ya tace da farin ƙyalle, ya cike akwatin. Yana yi yana jin daɗi, don a ganinsa mafi kyawun abin da ya mallaka yake ba su.

Shekarun nan kuwa su ne shekarun takin zamani. Yana da arha, ana ta kiran mutane a rediyo su yi noma ko a bayan ɗaki, Alhaji kuma ya sa an jibge buhuna a gareji. Zubairu ya ga yadda alayyafo da kabeji ke tashi da shi, ya riƙa barbaɗawa hannu sake a kunyoyin da suka kewaye rijiyar, yana ban ruwa safe da yamma. Lambun bai taɓa kyau irin na wannan shekara ba.

Abin ya fara ne da gansakuka. Ya goge gilashi da safe, kafin la'asar ta dawo. Sai ta hau duwatsun da ke cikin akwatin, koriya shar, doguwa kamar gashi. Murjani mai yatsu ya daina lilo, ya ƙanƙance. Mai ƙahon barewa ya yi duhu kamar ƙasa, sannan ya soma fari daga gindi, naman jikinsa na saɓulewa. Wata safiya ya tarar da rawayan nan kwance a ƙasa. Ya tsame shi kafin Hajiya ta fito, ya binne shi a gindin lemo.

"Ina mai dogon bakin?" in ji ta da la'asar.

"Ya riga mu gidan gaskiya, ranki ya daɗe."

Carbin ya tsaya a hannunta. Ranar ba ta sha furar ba. Washegari ta ƙara yawan hantar, wai ko yunwa ce ke damunsu.

Ana cikin haka Muhammad Sani ya zo gaida Hajiya. Abokin Hamisu ne tun suna makaranta, yanzu yana koyar da kimiyya a wata sakandare. Da ya ga akwatin sai ya tsaya cak. Bayan sun gaisa da Hajiya ta koma ciki, ya tambayi Zubairu ko Hamisu ya bar wasu 'yan kwalaben gwajin ruwa. Suna nan a cikin kabad, ba wanda ya taɓa su. Suka fita barandar baya. Muhammad Sani ya ɗebi ruwan akwatin a siririyar kwalba, ya ɗiga magani, ya girgiza. Ruwan ya rine ja kamar zoɓo.

"Baba, wannan jan alamar wani sinadari ne da ake kira naitiret. Kaɗan ba ya komai. In ya taru, gansakuka ce ke jin daɗinsa, murjani ya mutu, kifi ya bi baya. A teku ruwa na da yawa, yana tafiya da shi. A nan ba shi da hanyar fita. Da wane ruwa kake cikewa?"

"Da na rijiyata," in ji Zubairu, har da ɗan alfahari. "Na famfo ba shi da kyau."

Suka je bakin rijiyar. Muhammad Sani ya dubi kunyoyin alayyafo, ya dubi farin takin da ke barbaɗe a gindinsu. Ya gwada ruwan guga. Shi ma ya yi ja.

"Takin nan shi ne abin da muke magana, Baba. Kana ban ruwa, yana narkewa, yana tsiyaya cikin rijiyar. Ku ma ku rage shan ruwan nan."

Zubairu ya zauna a bakin rijiyar.

"Ni ne ke nan."

"Ba kai kaɗai ba. Na ga ragowar nama a tsakanin duwatsu. Wa ke zuba musu?"

"Hajiya ce. Sadakar marigayi ce."

Muhammad Sani ya cire hularsa ya shafa kai. "Abin da ba su ci ba yana ruɓewa, wanda suka ci ma yana fita, duk ya koma wannan jan. Ko ka daina zuba ruwan rijiya yau, in hantar nan ta ci gaba, ba za su kai ƙarshen damina ba. Dole a gaya mata."

"A gaya mata me? Cewa sadakar da take wa ɗanta ita ke kashe abin da ya bari?"

"To ya za a yi, Baba?"

"Ka bar ni da ita. Kai dai faɗa mini maganin ruwan."

Maganin shi ne a riƙa kwashe wani kaso na tsohon ruwa ana zuba sabo, kaɗan-kaɗan, ba a lokaci ɗaya ba. Sabon kuma sai an dama shi da gishirin teku, ga shi abin da Hamisu ya bari bai fi rabin buhu ba. Alhaji ya yi odar wani, amma lokacin jiragen ruwa sun yi cunkoso a Ikko, kaya na wata da watanni a kan teku. Falalu ya ce a sayo gishirin miya a kasuwa mana, gishiri ai gishiri ne. Muhammad Sani ya ce in ana so a gama da su a yini ɗaya, to a yi hakan.

Da la'asar Zubairu ya durƙusa nesa kaɗan da kujerar Hajiya, ya gaya mata batun rijiya da taki, bai rage komai ba. Batun hanta kuwa bai taɓo shi ba. Ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa.

"Rijiyarka?" in ji ta. "Shi ma ai ita yake sha. Ko da ya dawo daga Turai cewa yake ruwanta ya fi na firji daɗi. Tashi, Zubairu. Ba da mugunta ka yi ba."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Damina ta sauka. Ya wanke manyan robobi ya jera a fili, nesa da indararo, yana tarar ruwan sama, yana dama shi da gishirin yana auna yawan gishirin da wani ɗan gilashi mai yawo a kan ruwa, yadda Muhammad Sani ya nuna masa. Ya tsige gansakuka da hannu. Ya fitar da murjanin da ya mutu. Hajiya kuma kullum tana zuwa da farantinta, ta zuba, ta yi addu'a, shi yana tsaye yana cewa amin. Da zarar an kira magariba ta shiga ciki, sai ya ɗauko 'yar komar da ya ɗinka da tsohon gidan sauro, ya zura hannu har kafaɗa, ya bi lungu-lungu yana tsamo hantar. Dije ta gaji da tambayar abin da ke tsare shi har duhu, da dalilin da hannun rigarsa ke warin ƙarni.

Jan ya ragu, amma bai tafi ba. Abin da kifayen suka riga suka haɗiye ba ya tsamuwa da koma. Shuɗɗan suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Murjani bai rage ko guda ba. Sai masu launin lemo guda biyu, suna zagaya fararen duwatsu. Gishiri kuma ya kusa ƙarewa.

Ranar da abin ya fito, carbinta ta manta a kan kujera. Ta dawo ɗauka ta tarar da shi hannu cikin ruwa, komar cike da hantar da ta zuba ɗazu, ga kwano a ƙasa ya tara wata.

"Zubairu, me kake yi?"

Ya tsaya yadda yake, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa.

"Sadakar tawa kake kwashewa?"

"Ranki ya daɗe..."

"Tun yaushe?"

"Tun zuwan Muhammad Sani."

Hajiya Maimuna ba ta yi boko ba, amma ba a yi mata bayani sau biyu. Ta dubi kwanon, ta dubi fararen duwatsun da a da suke lilo, ta dubi kifaye biyun.

"Ita ke kashe su?"

Ya nemi ƙaryar da zai yi, bai samu ba. "Cikinsu ƙarami ne, Hajiya. Abin da ya rage yana ɓata ruwan."

"Ashe ni ce."

"Mu biyu ne, ranki ya daɗe. Rijiyata ta fi..."

"Kai ai tuni ka daina. Ni kuwa kullum ƙarawa nake, kana tsaye kana ce mini amin." Muryarta ba ta tashi ba. "Abu ɗaya ya bar mini mai numfashi."

Ta ɗauki carbinta ta shiga ciki. A daren nan ne 'ya'yanta suka ce sun fara jin kukanta, irin wanda ba ta yi ba ranar da aka fita da gawa.

Washegari ba faranti. Zubairu ya ɗebi abin da yatsa biyu suka ɗauka ya zuba. Cikin 'yan makonni gansakuka ta ja baya, kwalbar Muhammad Sani ta daina yin ja, ta koma ruwan hoda, daga baya da ƙyar ake ganin launin. Gishirin Alhaji ya iso da kaka. Kifaye biyun suka murmure, launinsu ya dawo, ruwan ya yi garau har mutum ya ɗauka babu komai a cikin gilashin.

Ya aika babbar 'yar ta gaya wa Hajiya cewa sun warke. Ta dawo ta ce Hajiya ta ce Allah ya yi masa albarka. Ya sake aikawa da Sallah ƙarama, ya sake da babba. Amsar ba ta canja ba, kuma ba ta fito ba. In za ta fita unguwa ta ƙofar kicin take bi don kada ta ratsa falon. Ta koma cin abinci kaɗan-kaɗan a ɗakinta, ta rayu, amma hirar la'asar ta ƙare. Ita da Zubairu suna gaisawa ta taga da safe, ta tambayi Dije, ya tambayi ƙafarta, shi ke nan.

Alhaji ya so a kwashe akwatin a ba wani abokinsa. Zubairu, wanda bai taɓa roƙon komai a gidan ba, ya roƙi a bar shi. Ya ci gaba da tarar ruwan sama da damina yana adanawa a durorin da ya rufe, yana goge gilashi, yana awon abinci. Kowace la'asar sai ya kunna fitilar akwatin ya buɗe ƙofar da ke tsakanin falo da sashen Hajiya, ya koma gefe ya zauna a ƙasa, ko Allah zai sa ta leƙo.

Kifayen sun yi shekara huɗu a haka, lafiya lau, ba mai kallonsu sai shi. Hajiya ta riga su tafiya.